Rijiyar Wardugu

Kawuna Wardugu bai taɓa riƙe alƙalami ba, amma ya fi duk masu takardun garin Musoro sanin ciyawa. Duk mai ja, ya zo ya same ni.

Rijiyar da ya gada tana arewa da garin, tafiyar kwana biyu a raƙumi. Da ruwan farko ya sauka, sai ya rufe bakinta da itace da ƙaya, ya kora mu can wajen tafkuna. Babu mai jan guga sai ƙarangiya ta zubar da iri ta bushe. Shekara talatin yana haka. Mun zage shi a ɓoye, Allah ya sani, amma da rani ya tsananta, mu kaɗai ke da ciyawa har gwiwa.

Baƙo kuwa, dokarsa a fili take. Ciyawa ta Allah ce, ruwa na mai rijiya. Za a ba ka shayi da dabino, dabbobinka su sha ruwa kwana uku, ran na huɗu ka ƙara gaba. Ƙishirwa ce shingenmu, ba mu da wani.

Sai shekarar da damina ta yi rowa. Wata safiya muka ga shanu sun rufe gabas, ga tankokin ruwa biyu na biye da su. Na wasu 'yan kasuwa ne na birni. Shugaban makiyayan, wani mai suna Kosso, ko saukowa daga mota bai yi ba.

Kawu ya ce, "Sannunku da hanya. Ku sauko ga shayi. Kwana uku ne dai, kun sani."

Kosso ya yi dariya. "Tsoho, riƙe ruwanka. Namu na tafe da mu."

"Wa ya nuna muku nan?"

Kosso ya miƙo waya. Hoton ƙasarmu ne da tauraron ɗan Adam ya ɗauka a ƙarshen damina. Ko'ina ja wur, sai ɗigo ɗaya kore shar.

"Ka gani? Daga sama aka gan ka. Ko ciyawar ma ta gadonka ce?"

Wallahi na so in fasa masa baki. Kawu ya riƙe hannuna. Shi da kansa ya koya mana cewa ba a hana ciyawa.

Ba su kaɗai ke da waya ba. Kafin wata guda motoci sun kai goma sha ɗaya. Abin da aka yi shekara talatin ana tattali, aka lashe shi tas, har saiwa. Su suka juya da tankokinsu. Mu da babu inda za mu, muka zauna muna kallon shanunmu na faɗuwa. Kawu ya shiga ranin da saniya arba'in, ya fita da shida.

Ba wannan ne ya fi ƙona mini rai ba. Bayan shekara sai ga wani jami'i da fararen takalma, ya shimfiɗa hotuna biyu a kan tabarma, ɗaya kore, ɗaya ja.

Ya ce, "Baba, bincikenmu ya nuna kiwo ya yi yawa a bakin rijiyar nan. Ku kuka cinye wurin. Shawararmu, ku riƙa rufe ta da damina, ciyawa ta huta."

Ka ji fa! Wai ɗan tsako ke koya wa kaza tono.

Kawu ya daɗe yana duban hotunan. "Ɗana, idon nan naku na sama, da ya ga ciyawata, bai ga motoci ba?"

"Ba ya ganin mota, Baba. Kore kawai yake aunawa."

"To, madalla. Sha shayinka."

Da ruwan farko ya sauka, na ɗauko gatari zan saro ƙaya kamar kullum. Ya ce in ajiye. Rijiya ta kwana a buɗe duk daminar, dabbobi suna cinye tsiro tun yana fitowa. Na yi masa faɗa, har da hawaye, na ce Kawu ka haukace ne, wurin zai mutu!

Bai ko dube ni ba, yana ta jan guga.

"Bar shi ya yi ja kamar ko'ina. In ya sake yin kore, za su gan mu."