Turken Ramlatu da Kofin Yaya Haruna

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Haruna, Allah ya jiƙansa, amma ban taɓa jin rashinsa kamar wannan makon ba. Ranar Asabar injin haƙa rijiyar burtsatse zai shiga ƙauyenmu da ke bayan duwatsun Dutse, kuma 'yarsa Ramlatu ce ta nuna inda za a haƙa. Tun da ta kafa turken alamar wurin abinci ya daina yi min daɗi.

Yaya ilimin duwatsu ya karanta, aikinsa nemo ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ya sha gaya mana cewa dutsen yankinmu ba ya riƙe ruwa sai a cikin tsagarsa, in ka kauce mata da 'yan taku, ƙura za ka haƙo. Ni malamar firamare ce, rabin zancensa wuce ni yake yi, sai ranar da ya karya ƙanzon tuwo yana goga gutsattsarin da juna, ya ce haka doron ƙasa yake, ɓangare-ɓangare ne masu motsi a hankali, inda suka ja juna sai dutse ya tsage. Na ce ya miƙo min ƙanzona in ci.

Ba ya fara aiki da na'ura. Ruga yake fara zuwa, ya cire takalmi ya zauna gaban dattawan makiyaya, ya tambaye su inda ciyawa take daɗewa da ɗanyenta in rani ya yi nisa. Sannan ya hau dutse da guduma da kamfas, na'urar nuna gabas da yamma, ya auna inda kowace tsaga ta dosa, ya rubuta a wani littafi mai baƙin bango. Ranar haƙa kuwa da kofin silba yake zuwa a aljihu, ruwan farko, da laka da komai, shi yake fara sha.

Littafin nan ni ya bar wa, ya ce in ba Ramlatu in ta girma. Na kulle shi a akwati a gidana na Yalwawa, wai ni na adana. Da ta samu karatun fannin mahaifinta a jami'a na buɗe akwatin, na tarar gara ta cinye shi tas, sai bango. Laifina ne, kuma har yau yana ci min rai.

Don haka abin da ba ta samu a aji ba, a waya ta nemo shi. Malamai daga ƙasashe masu nisa suna koyarwa kyauta a bidiyo. Ta nuna min yadda Afirka ta rabu da Kudancin Amurka, da yadda dutse yake lanƙwashewa kamar tabarma, duk cikin 'yan mintuna. Da Yaya yana nan, na san da ba a raba shi da wayar nan ba, mutumin da yake jiran littafi ɗaya daga Kano wata da watanni. Amma anya da bai tambaye ta ba, ina namu duwatsun a ciki? Nasu a tsirara suke, ana ganin komai. Namu rairayi da gonakin gero sun rufe rabinsu.

Mutanen ƙauye kuwa sun ɗauka nemo ruwa abin gado ne, shi ya sa suka ɗora wa Ramlatu aikin. Rijiya ɗaya suka iya haɗa ƙarfi a kanta, babu ta biyu, ga mata suna dogon zango da jarkoki. Ramlatu ta buɗe hoton tauraron ɗan'adam ta ja layi a kai. Na ce, "Wa kika tambaya a can?" Ta ce, "Gwaggo, ai hoton ya nuna tsagar sarai." Na sa ta a gaba har rugar Baffa Ardo, tsohon makiyayin da ya san mahaifinta.

Baffa ya dogara sandarsa ya bi da mu jerin itatuwan kanya inda shanunsa suke samun ɗanyar ciyawa. Layinsa daban, nata daban. Na zaci za ta yi gardama, don da taurin kan gidanmu aka haife ta. Amma ba ta yi ba. Ta aro kamfas a makaranta, ta yi kwana biyu tana hawa dutse, ta dawo da ƙafa a kumbure ta ce tsagar iri biyu ce, hoton ya ga ɗaya, Baffa ya ga ɗaya, kuma inda suka gitta juna nan ruwa ya fi taruwa. Wannan ma, in ji ta, a wani bidiyo ta koya. A nan ta kafa turken.

Ban sani ba ko za a samu ruwa. Yaya kansa ya taɓa dawowa da kofinsa a bushe, ya yi kwana uku ba ya son magana. Tsorona kada haka ta faru da yarinyar nan a aikinta na farko, a gaban mutanen da suke ganin mahaifinta a fuskarta. Rubutunsa ya tafi ta hannuna. Abin da ya rage shi ne na ga 'yarsa ta cire takalmi ta durƙusa gaban Baffa, ba tare da na ce mata ta yi ba.

Kofin silbar dai, da na adana tare da littafin, gara ba ta iya cinsa ba. Jiya na wanke shi. Ranar Asabar zan sa mata shi a hannu kafin a tayar da injin, ya Allah kada ka sa ta dawo min da shi a bushe.