Sulhun da ya cinye mini fili

"Baba, ai an kori ƙararka tun watan jiya."

Haka magatakardan kotu ya faɗa mini ɗazu.

Filina na Jabi wani attajiri ya katange, na kai shi kotu. Dattawan masallacinmu suka ce in daina zuwa kotu, za su sasanta mu. Na girmama su, na zauna gida.

Na ce wa magatakardan, "Ɗana, ai sulhu ake yi."

Ya ce, "Kun sanar da alƙali? Sau uku ana kiranka, lauyan attajirin kaɗai ke miƙewa."

Shekara talatin ina rubuta takardun gwamnati, amma ban rubuta wa alƙali layi ɗaya ba. Na biya ta filin, har an fara gini.

Jama'a, ladabin nawa ne laifin?