Maccido da Bakin 'Yan Fim

Maccido mutumin Fakku ne, can ƙasar Kebbe, amma a Tambuwal aka fi saninsa. Mahaifinsa manomi ne mai 'yan shanu, ya so ɗan ya gaje shi. Sai dai tun Maccido yana yaro, in aka tura shi kiwo hankalinsa ba ya kan shanun, yana can kan abin da ya sa rediyon maƙwabcinsu ke ƙara kama tasha in an jingina eriyarta da kwanon rufi. Da ya tasa sai ya zo Tambuwal koyon gyaran rediyo. Daga rediyo ya koma bidiyon kaset, daga kaset ya koma faifai, har ya kafa 'yar rumfar kallo a bayan tasha. Gonar geronsa tana nan a Fakku. Da damina yakan rufe rumfar ya hau babur ya tafi, masu kallo su yi ta mita har ya dawo.

Yanzu da wata tsohuwar kwamfuta yake aiki. Ya zuba mata fina-finai, ya sa mata manhajar da ke jera su a allo kamar kaya a kantar shago, yana zaɓa da rimot. Ranar kasuwa, bayan azahar, benci ba ya ragowa.

A cikin masu zuwa akwai Ɗan'iya, wani tela daga Jabo. Sanƙarau ya kama shi yana saurayi, ya tafi da jinsa, amma ya bar masa magana. Da ido yake sauraro: ya dubi bakinka, ya san abin da ka faɗa. Bencin gaba ne wurin zamansa, kuma sau da yawa shi ke riga kowa dariya.

Bayan girbin bara Maccido ya sayo sabuwar talabijin, faffaɗa, mai hoto tar. Kowa ya yaba. Ɗan'iya ya zo ya zauna, ya yi ta yamutsa fuska, ya tashi fim bai kai rabi ba. Ya sake gwadawa wata kasuwar, daga nan ba a ƙara ganinsa ba.

Abin ya tsaya wa Maccido a rai. Ba fushi ya yi ba, so yake kawai ya ji dalili. Wata safiya ya hau babur ya tafi Jabo, ya tarar da Ɗan'iya a kan keken ɗinki. Bayan sun gaisa ya tsaya inda haske ke dukan fuskarsa, ya yi magana a hankali.

"Ɗan'iya, mi munka yi maka ka guje mu?"

Ɗan'iya ya ce, "Ba ku yi min komi ba, Malam Maccido. Akwatin nan naka ne ba shi da baki."

"Kamar yaya ba shi da baki?"

"Mutanen ciki. Leɓensu shina narkewa. Mutum zai ce 'baba', ban ga inda ya rufe baki ba. Wani lokaci kuma hoton ya yi tsalle, magana ta ɓace. Tsohuwar ta fi min."

Maccido ya dawo yana juya maganar. Ya kunna fim ya zuba ido, bai ga komai ba sai hoto mai kyau. Sai ya shiga gida ya roƙi matarsa Batula auduga.

Ta ce, "Kunne ke ciwo?"

Ya ce, "A'a, fim zan kalla."

Ta miƙa masa ba ta ƙara tambaya ba, don ta daɗe da sanin mijinta.

Ya toshe kunnuwa, ya kashe sauti, ya zauna a bencin Ɗan'iya. Da rana ta take, rumfa ta ɗau zafi, sai ya fara ganin tsallen. Hoton yakan ɗan tsaya kamar mai tuntuɓe, ya zabura gaba. Da can kunnensa ne ke cike masa giɓin, shi ya sa bai taɓa lura ba. Ya taɓa kwamfutar ya ji ta kamar murhu. Da ya kwance ta, ya tarar fankar ciki ta cushe da datti har da yanar gizo. Ya share, ya ɗora ta a kan bulo don iska ta ratsa. Tsallen ya ragu sosai. Ragowar kuma ya gano ta a cikin manhajar, inda ake sa gudun allo ya bi gudun fim. Da ya kunna wannan, hoto ya daina tuntuɓe.

Ya aika aka kira Ɗan'iya. Ɗan'iya ya duba ya ce, "Tsalle ya tafi. Amma har yanzu bakin narkewa shikai."

Nan fa Maccido ya ji abin ya ƙara masa daɗi, don wannan ciwon shi ba ya ganinsa ko kaɗan. Ya canza wayar da ke haɗa kwamfuta da talabijin, babu bambanci. Ya sa wani fim, haka. Ya tsayar da hoto daidai lokacin da wani dattijo a fim ɗin ke magana, sai ga leɓe fes, ba narkewa. Da ya sake shi, Ɗan'iya ya girgiza kai. Ƙarshe ya jawo tsohuwar talabijin daga ƙarƙashin tebur ya jona. Nan take Ɗan'iya ya fara faɗin abin da dattijon ke cewa, yana murmushi.

Maccido ya ce, "To, ashe laifin ba na fim ba ne, ba na kwamfuta ba. Amaryar ce, sabuwar talabijin."

Saitin sabuwar talabijin da Turanci yake, Turancin Maccido kuwa bai wuce na sunayen kayan gyara ba. Sai suka raba aiki. Maccido ya taɓa abu ɗaya a saitin, ya sa fim ba sauti, Ɗan'iya ya faɗi abin da ya gani a baki, sannan Maccido ya mayar baya ya kunna sauti ya ji ko an dace. Suka rage haske, suka canza launi har mutanen ciki suka koma kore, suka mayar. Direbobin tasha suka fara leƙowa suna tambaya wane irin fim ne wannan da kurma ke fassarawa. La'asar ta yi, suka je masallaci suka dawo suka ci gaba.

Can ƙasa, a wani lungu na saitin, Maccido ya kashe wani abu da ya danganci motsin hoto. Ɗan'iya ya gyara zama, ya ce da ƙarfi, "Ya ce ta kawo mai buta, baƙi sun iso!" Maccido ya kunna sauti. Haka dattijon ya faɗa, kalma da kalma.

Daga baya wani mai sayar da talabijin a Sakkwato ya bayyana masa cewa akwatin kan ƙirƙiro hotunan kansa ya cusa a tsakanin na gaskiya, don motsi ya yi sumul. Maccido ya riƙe baki. Wato akwatin hasashe yake yi, in leɓe ya motsa da sauri sai ya kasa cankar inda ya nufa. Ya yi ta yi wa mutumin tambayoyi har sai da wani mai saye ya shigo ya ceci mai shagon.

Masu kallon ƙwallo sun ce su dai sun fi son hoton da santsinsa. Maccido bai yi musu ba: ranar ƙwallo ya kunna, ranar fim ya kashe. Ɗan'iya ya koma bencinsa.

Shi kuwa Maccido sai ya ɗauki sabon karatu. In rumfa ba kowa yakan sa Ɗan'iya ya koya masa karanta baki. Kwanan baya ya gwada a gida: ya tsaya a bakin zaure, ya ce Batula ta yi masa magana daga madafa ba tare da murya ba. Ta motsa baki. Ya fita da sauri ya dawo da gishiri a leda, yana jin ya ƙware.

Batula ta karɓa, ta ce, "Na gode. Amma cewa na yi akuya ta tsinke."