Sun Kwashe Tulin Gidanmu

Damina goma sha ɗaya ke nan da maigidana ya rasu, cikin farin da ya cinye shanun Kurfai. Ban iya rubutu ba. Autata Hadiza, malamar lakwal, wato makarantar boko, a Filinge, ita ke rubuta abin da nake faɗa, ina faɗa ina share hawaye.

Garinmu, Tungar Maƙera, yana gindin dutsen da ya tsare kwarin Dallol. A jikin dutsen ake haƙo tama. Da rani maza su gina murhu mai tsawon mutum, su zuba tama da gawayin ƙirya, wuta ta yi kwana biyu tana ci, a fitar da ƙarfe. Manoman Imanan da Damana wurinmu suke zuwa neman hauya. Abin da wuta ta ƙi, baƙin dutse mai ƙyalli da muke kira kashin tama, kowane gida na da inda yake zubar da nasa tun kakanni. Tuli bakwai ne, kowanne ya fi ɗaki tsawo, kuma da su ake kwatance: rijiya na bayan tulin gidan wane, hanyar kasuwa ta ratsa tsakanin biyun arewa.

Bayan samun mulkin kai, ƙarfen matattun motoci ya cika kasuwar Baleyara, aka daina tambayar namu. Fari ya zo ya kashe ƙirya. Maigida ne na ƙarshe da ya hura murhu a garin. Da ciwo ya kwantar da shi, ya ce shi hanyar kakanninsa yake bi, kada a kai shi maƙabartar masu salla, a sa shi gindin tulin gidansu ta wajen faɗuwar rana. Haka aka yi. Ba mu kafa dutse ba. Wa zai kafa dutse a gindin abin da ake hangowa tun daga bakin kwari?

Yunwa ta koro mu Filinge, ƙafa ta tsufa, na shekara huɗu ban je ba. Watan jiya na hau amalanke da ƙwaryar farau-farau, in zuba wa maigida kamar yadda ake yi wa mamatanmu. Da na sauka, na ɗauka an kai ni wani gari. Fili fetal. Ko tuli ɗaya babu.

Ƙaninsa Tanko ya fito yana sunkuyar da kai.

"Masu aikin hanya ne, Yaya. Da kamyo suka zo, manyan motocin nan, suka ce kashin tama ya fi tsakuwa riƙe kwalta."

"Kana tsaye da gemunka suka kwashe yayanka?"

"Ba shi suka kwashe ba. Yana nan."

"Ina?"

Ya duba gabas, ya duba yamma, ya taka ya nuna wani wuri. Tsohuwar da ta tsaya kusa da ni ran jana'iza ta ce a'a, can ne gaba. Wanda ya haƙa ramin da hannunsa ya nuna na uku. Babu maƙaryaci cikinsu. Da tulin duk muke gane wurin.

Me maigida zai ce? Wataƙila ya yi dariyarsa mai tari, ya ce ƙarshe dai an zo neman abin da ya fito daga murhunsa, shara ce kawai suka zaɓa. Bana ma ruwa bai zo ba, kuma bisa hanyar nan motocin hatsi ke iso mana. Na ci hatsin, jikokinsa sun ci. Ban san ko in gode ko in yi Allah ya isa ba.

Hauyoyinsa na nan a wasu gidaje, sun cinye har sun zama kamar tafin jinjiri. Amma ni ba hauya na je nema ba. Na durƙusa a wuri na farko, na biyu, na uku, na raba farau-farau uku, ina ce masa ya yi haƙuri da kaɗan ɗin da ya same shi.