Ƙasar Gonarmu a Ajin Jami'a

Matameye, Talata

Na bar gida ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, da ƙananan buhuna uku na ƙasa. Ɗaya daga jigawa na ɗebo, ɗaya daga fadama, ɗaya daga ƙarƙashin gawon gonarmu.

Ɗana na fari yana koyar da ilimin noma a jami'a a Damagaram. Wata biyu ke nan da Allah ya karɓi abinsa, ciwon kwana shida. Kukansa kullum ɗaya ne: "Baba, awa biyu ina magana suna rubutu, ba mai ɗaga kai." Shi ya roƙi shugaban sashensu, Farfesa Sani, a riƙa kawo manomi aji sau ɗaya a wata. Farfesa ya ce a gwada sau ɗaya tak, in ɗalibai suka yi shiru yadda suka saba, a bar maganar. Ni ya rubuta a farkon manoman da za su zo, bai kuwa kai ranar ba. Abokiyar aikinsa, Madam Hadiza, ta kira ni ta ce in ba zan iya ba, babu laifi. Aji shida kawai na yi a lakwal, wato makarantar boko, amma na ce ina tafe.

Kance zuwa Takeita

Mota ta cika ƙarfe bakwai saura kwata. Mun wuce Kance rana na fitowa. A shingen Takeita jandarma ya kwance buhu ɗaya, ya dube ni.

"Malam, ƙasa ta ƙare a Damagaram ne?"

"Karatu za ta je," in ji direba. "Jami'a ma kuwa."

Aka yi dariya, jandarman ya ɗaure mini buhun da kansa. Na sha shayi da burodi a tsaye, muka kama hanyar Tirmini. Kilomita tamanin da 'yan kai ce tafiyar, mun shiga gari tara da kwata.

Damagaram

Madam Hadiza ta tarbe ni a ƙofa. Ta yi mini gaisuwar rashi, na amsa. Ƙarfe goma muka shiga wani babban aji mai benci hawa-hawa, cike da yara, kowa biro a hannu. Farfesa ya tsaya bakin ƙofa, ya ce minti goma zai yi, yana da taro.

Na juye ƙasar a kwano uku, na ce a faɗa mini inda kowace ta fito. Shiru. Na maimaita. Na ga wasu suna rubuta tambayar a littafi. Farfesa ya dubi agogo.

Na ce, "Wanda ya taɓa riƙe hauya ya ɗaga hannu." Kusan ajin duka. "To ku aje biro, ku sauko. Ƙasa ba a saninta daga nesa."

Wata yarinya 'yar Yauri, Rakiya, ita ta fara saukowa. Ta murza, ta sunsuna, ta ce, "Baba, wannan ta ƙarƙashin gawo ce." Wani dogo ɗan birni, Nasiru, ya ce sam, baƙin nan na fadama ne, ya jero mata Faransanci.

"Sa hanci, ɗan birni," in ji ta. "Kashin awaki ba ya jin Faransanci."

Ajin ya fashe. Nan da nan aka kewaye kwanonin, ana zuba ruwa, ana dunƙulawa, ana musu. Wani ya tambaya don me gero ke yin kyau ƙarƙashin gawo, alhali sauran itatuwa kashe shi suke. Kafin in buɗe baki, yara uku sun amsa: da damina yake zubar da ganye, da rani dabbobi ke kwana inuwarsa. Madam tana gaban allo, duk abin da suka faɗa tana rubuta sunansa na littafi a gefe, suna cewa, "Ashe shi ne wannan!"

Nasiru ya ɗauki kwano ya nufi ƙofa. "Farfesa, kai fa?" Farfesa ya naɗe hannun riga, ya taɓa, ya ce jigawa. Ta fadama ce da ta bushe. Ya yi dariya har da riƙe bango. Sha biyu ta wuce ba wanda ya tashi, sai da masu ajin gaba suka buga ƙofa.

A waje Farfesa ya ce wa Madam, "Sa ajin nan cikin tsarin shekara. Wata mai zuwa kowa ya zo da ƙasar garinsu." Ya riƙe hannuna ya daɗe. "Malam, ɗanka ya fi ni gaskiya." Na ce Allah ya jiƙansa.

Komawa

Na ci shinkafa da wake a gidan Madam, na yi azahar, na hau motar ƙarfe uku. Na iso Matameye kafin magariba. Mahaifiyar marigayin tana zaune bakin murhu, ba ta juyo ba.

"Sun yi magana?"

"Sun yi, sai da aka kore su. Kuma za a ci gaba."

Ta daɗe tana gyara itace a wuta, sannan ta ce, "Alhamdu lillahi." Ni ma shi na ce. Ina gode wa Madam Hadiza, da Farfesa, da yaran nan da suka sauko. Allah ya saka musu, ya kai ladan kabarinsa.