Kwalbar da Baba Lachlan Ya Ce a Buɗe

Mutum ɗaya nake nema, wanda ya taɓa jin Baba Lachlan ya ce in buɗe kwalbar nan a bakin kabarinsa. Ɗansa Torquil ya zo daga birnin Glasgow, ya ce sata na yi, in bar musu ɗakin baya kafin Lahadi. Ga 'yata Rhona tana shan nono, ga ubanta yana teku sai an shiga sabuwar shekara.

Baba, ranar Laraba tara ga Nuwamba ka tafi. Na kawo maka shayi na tarar da kai a kujera, hannunka ya yi sanyi.

Ba ka haɗa komai da ni ba. A tashar jirgin ruwa ta tsibirin nan ka gan ni da tsohon ciki, ka ce, "Ke 'yar nan, ina za ki kwana?" Ka ba ni ɗaki a bayan ɗakin kwalabenka. Giyar wiski ce jere har rufi, kowace kwalba daga ganga guda, wasu sun girmi uwata. Ba sha kake ba, kallo kake. Ka koya mini kada in kwantar da su, kada rana ta taɓa su. Da ka ga ban iya karatu ba, ba ka yi dariya ba, sai ka ce, "Ishbel, hanci ya fi ido sani." Ka kan ɗauki Rhona ka ce mata, "Amarya, ke ma ƙaurin hayaƙi kike kamar wiskin nan, 'yar tsibiri ce ke."

Akwai guda da ka ɗaura wa jan zare a wuya, daga gangar da mahaifinka ya cika da hannunsa. Masu kuɗi sun yi ta sintiri a kanta, kana ce musu, "Ta masu haƙa ramina ce." Ni kuma ka ce, "Kada ki bari su ba mutane ta kanti."

Na yi yadda ka ce. Ranar da aka binne ka ana ruwa, na bi maza a bakin kabari da ƙananan kofuna da cuku da gurasar alkama, na zuba wa kowa. Da Torquil ya hangi kwalbar, fuskarsa ta canza.

Yanzu gidan shiru. 'Ya'yanka sun kulle ɗakin kwalaben. In na ji mota sai in rungume yarinya.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yafe maka, ya ba ka wurin hutawa kamar yadda ka ba ni. Torquil da ƙanwarsa Mairead, Allah ya ba ku haƙuri, uba kuka rasa, ban manta ba.

Na riga na faɗa wa fasto, ya ce zai sa ni a addu'a. Na faɗa wa Dougie mai haƙa kabari. Ya sunkuyar da kai ya ce shi dai ya sha, amma bai ji komai ba.