Kiran Jumma'a da Bajimin Baffa

Sai ga shafin ya buɗe! Nit tashi tsaye ina bugun tebur, har masu cajin waya sunka waiwayo suna tambaya ko lafiya. Layi guda tak nic canza cikin akwatin intanet, abin da yah hana ni sukuni sati huɗu ya kau. Sai daga baya nit tuna ranar Talata ce, kuma bajimin ya mutu tun Lahadi.

Bari in koma baya. Garinmu shina kusa da Burkusuma, dab da iyaka, kuma waya ba ta kama sabis sai ka hau tudu. Akwai ɗaki guda na ƙungiyar manoma inda wasu masu aikin tallafi sunka kafa eriya bisa dogon ƙarfe, da sola, da akwatin da ke raba intanet, sannan sunka tafi abinsu. Ni ke kula da shi. Ba wanda yak koya mini, bidiyo nike kallo, in taɓa, in lalata, in gyara.

Shekarar nan ruwa ya ɗauke gero na bununi. Karan ma bai yi tsawon kirki ba. A gidanmu akwai bajimin huɗa na Baffa, wan mahaifina, wanda yab bar muna amana da za shi Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya aikin gini. Kafin tsakiyar rani harawa ta ƙare, dusa ta fi ƙarfinmu, har tsohuwar zana Baba ke warwarewa shina ba shi. Kana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga ƙofar gida. Mahauci ya zo ya taya tun da sauran nama, Baba yac ce ba nashi ba ne, sai ya ji daga bakin mai shi.

Baffa ba ya da waya. Ranar Jumma'a kaɗai, bayan an sauko masallaci, wani abokin aikinsa ke ara mishi tashi, mu yi kiran intanet. Nic ce mu bar saƙon murya mana. Baba yac ce ba a aje maganar gida cikin wayar wani.

Jumma'ar farko kira ya shiga tsaf. Baba ya riƙe wayar da hannu biyu.

"Yaya, ina wuni? Ina gajiya? Ina baƙunta?"

"Lahiya lau. Ina iyali? Ina tsohuwa?"

"Tana gaishe ka. Ina maƙwabta? Ina mai wayar?"

"Ya damanar bana?"

"To, mun gode Allah."

Sunka bi gida gida, har da ƙafar liman da ke ciwo. Baba ya gyara zama ke nan zai shiga magana, kira ya yanke. Na sake kira ya fi sau goma, wayar na ta juyi kawai. Bayan la'asar komai ya dawo daidai, amma mai waya ya riga ya tafi da abinsa.

A hanya nic ce, "Baba, sati mai zuwa ka fara da maganar bajimin, gaisuwa ta biyo baya."

Ya tsaya ya dube ni. "Wana na, ba mahauci ba. Shekara biyu ban gan shi ba, in buɗe baki da ciniki? Kai dai gyara akwatinka."

Na ɗauka zafi ne. Na jiƙa tsumma da ruwan da anka sha wahala kafin a ɗebo, na lulluɓe akwatin. Jumma'a ta biyu ya yanke daidai inda yay yanke. Na hau ƙarfe na juya eriya, na sake wayar eriyar, na goge sola. A ta ukku da ya yanke na duba fitilun akwatin, duk kore shar. Nan niy yi kuskuren da har yau ke ci mini rai. Nic ce, "Baba, ba daga nan ba ne, daga can wajensu ne." Ya gyaɗa kai ya yarda da ni. Ni kuma na naɗe hannu sati guda cur ban sake bincike ba, tunda na riga na wanke akwatina. Jumma'a ta huɗu ma haka yay yanke.

Ranar Lahadi da safe bajimin ya kwanta bai tashi ba. Baba ya tafi neman mai taya shi ɗagawa, kafin ya dawo rai ya fita. Ko wuƙa ba a samu sa mishi ba. Da igiya munka ja shi bayan gari.

Talata da rana intanet ya sake ɗaukewa ina zaune, fitilu kore. Haushi ya sa nig gwada wani abu da nit taɓa gani a bidiyo. Kowane shafi shina da suna, shina kuma da lamba. Na rubuta suna, shiru. Na rubuta lamba tsura, sai ga amsa nan take! Ashe hanya a buɗe take, mai faɗin lambar ne ba ya amsawa. Shi ake kira DNS: ka ba shi suna, ya ba ka lamba. In bai amsa ba, waya ta ɗan jira, ta gaji, ta ce babu sabis.

To me ya hana shi amsawa? Na buɗe saitin akwatin, sai ga sim biyu ciki, na Nijeriya da na Nijar. In na gida ya yi rauni, akwatin da kansa ke komawa kan na Nijar, kiran da ake yi ya tsinke, sai an sake ƙullawa. Amma akwai katangar tsaro a ciki, fayawol, kuma wanda yas saita ta, ƙofa guda yab bari: tambayar suna sai wajen DNS na layin gida. Shi kuwa wannan ba ya kula wanda yaz zo ta layin waje. Ranar Jumma'a bayan masallaci kowa na yankin ke kira lokaci guda, layin gida ya cushe, akwati ya tsallaka iyaka, tambaya ta tsaya bakin katanga. Na ƙara ƙofa ta biyu. Ko minti biyar ban yi ba.

Jumma'ar da tab biyo kira ya ɗan tsinke sau guda ya ƙulla kansa. Sunka gaisa har gaisuwa ta ƙare, layi garau, kana jin motoci na wucewa can wajensu.

"Yaya, bajiminka ya faɗi."

"Inna lillahi. An yanka?"

"Ba a samu ba."

Baffa yac ce, "Da ka saida abinka, ai kai ka ciyar da shi. Yaran su samu hatsi."

"Ba ka ce ba, Yaya."

"Ba ka tambaya ba."

Baba ya miƙo mini wayar ya fita, ya bar takalminsa ƙafa guda a ƙofa. Baffa na ta kiran sunana shina tambaya ko ya yanke ne. Nic ce a'a, Baffa, bai yanke ba.

Baba bai taɓa ɗora mini laifi ba, ni ma ban taɓa gaya mishi cewa ba daga can ba ne. Damana ta gaba da hauya munka yi huɗa, rabin gonar kawai munka iya.

Ku da ke garuruwan iyaka, daga nan har wajen garin Isa, in intanet ɗinku na ɗaukewa fitilu na kore, ku gwada lamba kafin ku zargi na can. Kuma ina son in ji daga gare ku: akwai wanda yat taɓa gano gyara bayan an riga an yi asara? Ya kunka yi da mutanen gida, kun faɗa musu ko kun yi shiru?